Keke Dubu Huɗu, Noti Ɗaya

Ranar Talata, tara da kwata,
layi ya tsaya.
Ba wuta aka ɗauke ba, ba kuma yajin aiki.
Noti ne,
ɗan notin da ke riƙe birkin baya,
wanda ko ƙwayar gyaɗa ta girme shi.

Ni ce Graciete, mai sayayya
a masana'antar keke ta garin Agueda, ƙasar Fotugal.
Ga kekuna dubu huɗu rataye a ƙugiya
kamar nama a rumfar mahauta,
fenti ya bushe, kaca ta sha mai,
sirdin Italiya, tayar Indonesiya,
kowa ya iso biki
ban da ƙaramin cikinsu.

Shekara goma sha ɗaya ina saye wurin Liao na Taichung.
Ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Na san tarin 'yarsa,
ya san gwiwar mahaifiyata.
Ya rantse ya loda tun watan jiya,
jirgin ne ya sauya hanya, ya bi ta ƙasan Afirka.
A allon kwamfutata ɗigo ne kore
yana rarrafe cikin shuɗi
kamar ba shi ake jira ba.

Shekara uku ke nan da Injiniya Custodio ya share sito.
Ya ce kaya a kan kanta kuɗi ne masu barci,
a kawo yau, a ɗaura yau.
Bai yi ƙarya ba.
Mun biya bashin banki, an gyara rufi,
an ba mu ƙari a Kirsimeti.
Har da ni a masu tafi.

Yanzu dillalin Utrecht na kira sau uku a wuni,
muryarsa a sanyaye, tararsa a ƙidaye.
Ma'aikata sun baje karta kan kwali.
Deolinda na ɓare lemo a hankali,
ɓawon bai tsinke ba har ƙarshe.

Wajen la'asar tsoho Albano, mai gadin siton da babu kome,
ya shigo ofis rungume da gwangwanayen biskit guda biyar.
Ya ajiye, suka yi ƙara.
Duk notin da ya faɗi ƙasa, tsintsiya ta taro,
shi ya tsince, ya goge, ya ɓoye bayan tukunyar ɗumama ɗaki.
Bai ce uffan ba. Hularsa kawai yake murzawa.

Muka ƙirga: dubu da ɗari uku da shida.

Custodio ya dube su ya daɗe.
Ya ce, ba sa cikin littafi, ba wanda ya gwada su,
birki kuwa ran ɗan wani ne a gangare.
Nan ma bai yi ƙarya ba.
Sai ya tuɓe kwat, ya jawo ma'auni,
muka bi su ɗaya bayan ɗaya har sha biyun dare.
Ɗari tara da goma suka tsira.
Mota guda ta tashi da asuba.
Sauran kekunan na nan rataye.

Na buɗe littafi, alƙalami ya tsaya mini.
A wane gida zan sa su?
Ba saye ba ne, ba kyauta ba,
sata kuma ba ta dawo da kaya.

Ruwa na sauka kan kogi, na kira Liao,
can gari ya waye.
Na ce, odar gaba fa?
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Ya ce shi ma injinansa shiru suke,
yana jiran wayar ƙarfe
daga wani mutum da bai taɓa gani ba.