Mataki Na Biyu

Tun asuba aka ɗaga tsaro zuwa mataki na biyu.
Ba a faɗa mana dalili ba, da ma ba a saba ba.
Gemun wata tasha ya kama wuta a bayan teku,
mu a Kalyawo sai shafa wa namu ruwa.

Ni ce Nelida, mai gadin ƙofa ta huɗu.
Suna, hoto, hatimi, sa hannu,
ba sani, ba sabo.
Kwantenar da aka taɓa wa kwado ba ta wucewa,
ma'aikacin jirgi ba ya sauka yau
ko da a bayan katangar nan aka yanke masa cibiya.

Da hantsi tsoho Anselmo ya iso
da tukunya ƙunshe cikin tsumma mai ratsin ja.
Ɗansa Wilma yana can ƙasan jirgin da ya tsaya jiya,
yana ɗura wa inji mai, wata goma sha ɗaya ke nan.
Na bi takardar baƙi da yatsa har ƙasa,
na sake hawowa.
Babu Anselmo.

Ya ce, ni na yi kama da mai ɗauke da bam?
Na ce, baba, da bam yana da kama
da tuni an sallame ni.

Doka ta hana ƙafa, amma ta bar wa kaya ƙofa
idan an bincika.
Na kwance tsumman. Shinkafa da agwagwa,
tururi ya rufe mini tabarau.
Na tura ta cikin na'ura, allo ya nuna ƙashi da cokali.
Na rubuta: tukunya ɗaya, ba haɗari.
Hafsan tsaron jirgi ya sauko tsani, ya sa hannu,
ya rungume ta kamar jinjiri.

Taku ɗari uku ne daga waya zuwa ruwa,
na sha aunawa.
Can sama wani ya fito da rigar aiki mai maiƙo
yana ɗaga cokali.
Tsoho ya cire hula, ya riƙe waya da yatsu huɗu,
bai ce komai ba.

Jirgin ya tashi kafin tsakar dare.
Tukunyar ta dawo a wanke, ba murfi.
Tana ƙarƙashin tebur ɗina,
kuma har yanzu ban samo layin da zan rubuta fitarta ba.