Rumfa Ta Goma Sha Tara

Dare arba'in da ɗaya na ba rigar nan.
Na dafa tsamiya da toka har ta saki,
na ja zare, na murza a cinya,
har cinyar ta san da zancen baje koli.
Aska takwas na zana mata a ƙirji,
tambari a baya, linzami a wuya,
allura tana shiga tana fita
kamar mai bin bashi a lungun Kwarbai.

A dare na talatin aka ɗauke wuta.
Ladidi ta riƙe mini fitilar waya,
tana gyangyaɗi, haske yana rawa,
aska ta shida ta ɗan karkace.
Da asuba na gani. Na ƙyale ta.
Mai warware ɗinkin dare uku
ba shi da masu jiran tuwo.

Ran Laraba masu bugu suka lallasa ta
har ta yi ƙyalli kamar bayan tarwaɗa.
Na naɗe ta da huluna ashirin,
na rungume ƙunshin a Keke Napep
daga Ƙofar Doka har bakin fili,
ina tsawata wa kowane rami.

Rumfa ta goma sha tara:
tebur mai ƙafa uku da rabi, na tokare da bulo.
Dama da ni mai turaren wuta,
hagu wani yaro da aikin kwamfuta,
riguna goma, fuska ɗaya,
yana sayarwa yana latsa waya.

Ɗaliban Samaru sun ɗauki hoto,
hoto bai taɓa biyan kuɗin rumfa ba.
Wani mai ƙaton agogo ya taya,
tayin da ko zaren bai fanshe ba.
Na ce albarka.
Ya ce inji ya fi sauri.
Na ce haka ne, ruwan sama ma ya fi rijiya sauri,
amma wa ke zuwa neman sa a watan azumin rani?

Huluna suka tafi ɗai-ɗai,
kamar baƙi bayan walima.

Ana gab da la'asar ta rana ta uku
wani tsoho ya tsaya, carbi a wuyan hannu.
Bai dubi ƙirjin rigar ba,
juya ta ya yi, ya karanta cikinta
da ɗan yatsa, layi bayan layi.
Ya ce: wannan ƙulli na gidan Barau ne.
Na ce: kakana.
Ya ce: shi ma askarsa ta shida takan gudu,
mun sha yi masa dariya a zaure.
Bai tambayi kuɗi ba, ban faɗa ba.
Ya ninke ta yadda ake ninkewa da,
ya miƙo mini da hannu biyu.

Da magariba na yi lissafi a bayan kwali:
kuɗin rumfa, kuɗin mota, shinkafar kwana uku,
saura abin sabulu da zare ƙulli shida.
Rigar ta biyo ni gida, a cinyata.
Ladidi ta ce: ba ta tafi ba?
Na ce: ta gamu da wanda ya san ta.
Miƙo mini allura,
kafin su sake ɗauke wuta.