Kaset Huɗu

Ni ce akanta a hawa na bakwai,
bayan kasuwar lantarki ta Nipponbashi,
inda Osaka ba ta kashe fitila.
Sunana Fumie. Aikina in faɗi abin da lamba ta faɗa,
ko da ɗakin taro zai yi tsit.

Ga abin da muke ƙerawa:
'yar na'urar wasa, faɗin tafi biyu,
gilashi a tsakiya, maɓallai hagu da dama,
ta shiga aljihun kwat ta kwanta.
Gilashi da tsadarsa, batir da tsadarsa,
kwali, kuɗin jirgi, ladan mai kanti.
In na tara, yen dubu ashirin da uku.
Mu kuma mu sayar dubu sha tara da ɗari takwas,
muna murmushi, har da rusunawa.

Kowace ɗaya takan fita ƙofa
da tsokar jikinmu a bakinta.

Shugaba Kurahashi ya ce ba faɗuwa ba ce, ƙoto ne.
Ya ce sai ka zuba ruwa a ƙasa kake taka sanyi.
Ribar tana cikin kaset,
ɗan abu kamar farcen babban yatsa,
bugu da arha, sayarwa da tsada.
Na farko ya rage rami,
na biyu da na uku su cike shi,
a na huɗu uwar kuɗi ke haihuwa.
Kaset huɗu. Na liƙa lambar a gefen kwamfuta.

Amma bana waya ta shigo mana gona.
Tana raba wasa kyauta kamar mai sadaka,
sai ka saba ta miƙo hannu.
A sitonmu na Sakai kwali dubu arba'in
suna kwana suna tashi, haya tana cin su,
batir na tsufa a duhu, ba wanda ya taɓa kunna shi.

Daren Alhamis, jirgin ƙarshe na layin Nankai.
Gabana wani mutum, furfura a gefen kunne,
takalmin aiki da busasshen siminti.
Tamu ce a hannunsa, ƙirar farko,
wadda muka daina yau shekara shida.
Maɓallin dama ya koɗe, fenti ya tafi,
murfin batir an ɗaure shi da salatif.
Jirgi na jijjiga, shi bai sani ba.
Yatsu na rawa, fuska kuwa
ta sauke kayan da ta ɗauko tun asuba.

Ban saba yi wa baƙo magana ba, amma na ce,
"Gafara dai, kaset nawa gare ka?"
Ya ɗago kamar wanda aka tasa daga barci mai daɗi.
"Ɗaya. Na kamun kifi. Tare na saye su."
"Ba ka gaji ba?"
"Akwai wani kifi a ƙarƙashin gada," in ji shi,
"har yau bai yarda ba."

Ya sauka a Kishiwada, bai waiwayo ba.

Na buɗe littafi a kan gwiwa.
Wannan ya ci ƙoto ya tofar da ƙugiya.
A lissafina shi rami ne, dubu biyu da ɗoriya,
wanda ba zai cike ba har duniya ta naɗe.
Wadar zuci, ashe ke ce ɓarauniyar kamfani!
Muna farautar mai ƙishin da ba ya yankewa,
sai muka yi kuskure, muka ƙera abin da ya ishi wani.

Gobe ƙarfe tara Kurahashi zai tambaye ni
mu ci gaba ko mu rufe.
Lamba ta riga ta yi magana, ni maimaitawa zan yi.
Sai dai na wuce tashata da biyu
ina neman gurbin da zan sa mutumin nan.
Shafin riba ya ce bai san shi ba.
Shafin asara ya buɗe baki, hannuna ya ƙi.
Daga baya na rubuta shi a gefe, da fensir:
kaset ɗaya,
kifi bai kamu ba tukuna.