Kuɗin da Ban Roƙa Ba

Shekara bakwai ina roƙon Allah kuɗi
a kan keken ɗinkina, a Yalwa, cikin Garwa.
Ashe ban ƙarasa addu'ar ba,
ban faɗi irin wanda nake so ba.
Sai ga kuɗin cizo sun iso da ƙafarsu,
sun fi ƙarfin ƙirga.

Katifar Bakari ce ta kawo su.
Zai koma Ngaundere, ya ce saifa dubu takwas,
na taya biyar, ya ce albarka,
na juya, ya kira ni.
Na ɗaure ta a bayan babur ina murmushi,
ban ko duba bakin ɗinkinta ba, ni da nake tela.
An ce araha ba ta ado.
Tawa arahar har da cizo.

Dare na uku Asta ta zungure ni:
"Kunna tocila, dubi bayan Hamadu."
Tabo uku a jere, kamar sawun keke.
Muka ɗaga katifa. Wayyo!
Suka watse kamar an zubar da riɗi.
Na murtsuke ɗaya, ya ba ni jinina,
ya bar mini wari a ɗan yatsa har asuba.

Sauro ɗan halak ne, yana sallama.
Wannan ba kuka, ba fiffike,
sai ka yi barci ya buɗe kasuwa.

Kwana goma muna susa a ɓoye.
Asta mai share ɗaki sau uku
ta daina shanya a tsakar gida don kunya.
Ni kuwa na sayo wata kwalba marar suna
wurin mai talla a bakin tasha.
Goggo Dudu ta gan ta, ta fizge:
"A ɗakin da jariri ke numfashi?
Ka kashe ƙwaro ka haɗa da ɗanka?
Ba ƙazanta ke kawo su ba, yaro.
Baƙi ne masu bin kaya,
jakar matafiyi, gwanjo, tsohon gado.
Ni ma suna ɗakina. Bangonmu ɗaya."

Ran Asabar gidan haya ya fito waje,
ɗaki shida, ba mai dariyar wani.
Garwa biyu na ruwa a kan murhu.
Muka kwance gado ƙusa-ƙusa,
tafasasshe ya bi kowace tsaga,
zanen gado, gidan sauro, labule
duk suka sha wanka mai tururi.
Abin da ba ya son ruwa
muka ƙulle a baƙar leda,
muka miƙa wa ranar Afrilu a kan kwano,
ranar da ko Binuwai ke ramewa a gabanta.
Ni na ɗauko dutsen gugana na gawayi
na bi ɗinkin matashi layi-layi.
Mai gida ya kawo siminti rabin buhu,
muka toshe bakin bango.

Katifar Bakari fa?
Na tsaga ta da almakashi don kada wani ya tsinta,
na sa mata wuta a bayan gari.
Dubu biyar ta tashi hayaƙi.

Muka yi barci kwana tara.
Na goma, ga wani ɗan ƙarami fari-fari
yana tafiya a hannuna kamar gidan ubansa.
Goggo ta ce, "Ƙwai ne ya fashe. Sake."
Muka sake. Muka kuma sakewa.

Yanzu gadonmu ya yi hannun riga da bango.
Kowace Juma'a Asta na bin lungu da tocila,
ni kuma in an kawo tsohuwar riga gyara
sai na juya ta, na karanta cikinta a rana.

Hamadu na minshari.
Ina zaune, ban saba da shirun ba tukuna.
Ya Rabbi, har yanzu ina roƙo,
amma na takarda, mai shiga aljihu.