Ɓarawon da Ba Ya Haura Katanga

Sau uku a wata guda aka caje mu a bakin ƙofa,
ni da Gariba mai injin, da Memuna mai wankin kwalba.
Oga Boakye na tsaye, hannu a ƙugu,
maigadi ya zazzage jakata a kan siminti:
ragowar wake da shinkafa a ganye,
carbi, canjin motar Asawase,
da katin asibitin autata.
Ko ɓarɓashin zaƙi babu.

Amma lissafi ba ya ƙarya, in ji Oga.
Rake ya shigo, aboboya goma sha biyu,
mazarƙwailar da ta fita ta takwas ce.
Ina huɗu?
Muka dubi juna, kowa na auna cikin ɗan'uwansa.
Mako biyu Gariba bai amsa sallamata ba.

Ni ne mai wankin dare.
In Kumasi ta yi barci, ni da tiyo da buroshi
muke hira da haƙoran injin.
Na daɗe ina jin wani tsami-tsami
kamar kokon da ya kwana a buɗe,
na daɗe ina taɓa wani yauƙi a ƙasan kwata,
mai ja kamar miyar kuɓewa.
Na ce halin rake ne.

Ran Talata Anti Serwaa ta zo daga ɗakin gwaji,
farar riga, takalmin roba, ba ta tambayi sunan kowa ba.
Ta durƙusa inda ban taɓa durƙusawa ba,
ta zura auduga a tsinke cikin tsagar ƙarfe,
can inda buroshina ke gajiya ya dawo.

Da ta komo ran Juma'a, ta kira ni.
"Sumaila, rufe ido ɗaya."
Na leƙa madubinta.
Ga su nan, a jere, ƙwaya bayan ƙwaya,
kamar carbin da ba wanda ya ja.
Ba kai, ba ƙafa, ba kunya.

Ta ce tun daga bakin adda suke shiga,
duk inda aka sari rake ƙofa ce.
Kwana uku a hanya, rana da laka,
sannan daren nan biyu da aka ɗauke wuta,
ruwan ya kwana a tanki da ɗuminsa.
Kafin ka gama hutun rana ɗaya ya zama biyu,
kafin asuba sun zama gari,
da kasuwarsu, da makabartarsu.
Su sha zaƙi, su bar maka danƙo.

"Waɗannan sukari kawai suke ci," in ji ta.
"Akwai 'yan'uwansu a ruwan ɗauraya.
Su hanjin yara suke nema."

Sai na tuna kwalaben da ake raba mana kyauta
in murfi ya kumbura, in kasuwa ta ƙi.
Na tuna Ladidi ta rungume tata da hannu biyu,
tana lasar baki, tana cewa Baba gobe ma.
Na taɓa aljihun jakata, inda katin yake.
Ban ce komai ba.

Oga bai ba kowa haƙuri ba.
Ya sayo tukunyar tururi, ya sa a kwance injin duk dare,
ya ce raken da ya wuce kwana ɗaya a mayar wa mai shi.
Gariba ya miƙo min goro, shi ke nan sulhu.
Memuna ta ce, in ɓera na da sata,
daddawa ma na da wari.

Yanzu ina durƙusawa.
Ina kwance ƙusa shida, in tura ruwan zafi
har tururi ya rufe min ƙwan lantarki.
Da ɗan gari akan ci gari, na sani,
shekara huɗu ni ne na bar musu ɗaki.
In na gama, nakan shinshina tafin hannuna.
Wani daren ƙamshin rake ne.
Wani daren sai in sake kunna famfo.