Takardar Sahiya

Sahiya ta dawo daga lakwal da takarda ninki huɗu.
"Inna, madam ta ce a dangwala,
ran Laraba masu allura za su zo."
Na tura ta ƙarƙashin kwanon tsamiya.
Kwana uku ban ɗaga kwanon ba.

A famfon Bilbis kowa ta zama lokotoro.
Wata ta ce ƙulle mahaifa ake, kada mu yi yawa.
Wata ta ce abin da aka ba ka kyauta,
tambayi abin da za a karɓa bayansa.
Ban musa ba.
Ni ma kyauta ta taɓa ƙona mini baki.

Ubanta ya aiko murya daga Abijan,
ƙarar motoci na cinye rabinta:
"Kada a taɓa mini ɗiya."
Arzika, ɗiyarka ce, ban yi gardama ba.
Amma waccan shekara kuɗi ka aiko,
ni na wanke zannuwa.

Ni na wanke zannuwan Tsahara
da asuba, kafin maƙwabta su motsa,
ruwan tasa yana komawa jan yakuwa.
Muka ce jifa ne. Muka ce iska ce.
Tunkiya ta tafi, buhu shida na albasar Galmi suka bi ta.
Muka turara saiwa, muka jiƙa sassaƙe,
sai da wari ya kori ƙawayenta daga ɗaki
sannan muka hau motar Yamai.

Lokotoro ya duba, ya rufe karne a hankali.
Sankara, ya ce. Da kun zo bara.
Da kun zo bara.
Kalma huɗu na ɗauko a ka tun daga can har Tawa,
har yau ban samar musu gammo ba.

Laraba na dangwala,
tawada ta shige tsagar yatsana.
Sahiya ta runtse ido, ta buɗe ɗaya: "An gama?"
Cizon tururuwa ne, in ji ta.

Mai allurar ta dube ni ta saman tabarau.
"Ke fa, Inna? Gwajin manya ana yi a likita,
bai kai dahuwar shayi ba."
Na ce tuwo na bisa wuta.
Na ce gobe.

Sahiya ta kama bakin mayafina
da hannun nan mai auduga.
Ba ta ce komai ba, ba ta saki ba.
Idon uwarta gare ta.