Toka a Watan Yuli

Ajinmu na Tularosa yana kallon duwatsu.
Litinin ce, fanka na juyi tana tari.
Na raba littafin, kwafi ashirin da biyu,
bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi.
Na ce: ba ƙage a nan, ko na ɗigo,
duk abin da ke ciki ya faru haka.

Eusebio ya tsallake babi uku,
shi lissafin yake so:
yadda ƙwayar da ido bai taɓa gani ba
take tsagewa ta tsaga biyu, biyun su tsaga huɗu,
kafin ƙiftawa birni ya koma fili.
Ya ce, "Malam, mutanen nan akwai kai!"
Ban tsawata masa ba. Ni ma a shekarunsa
wutar na fara so, kafin in san toka.

Na rubuta a allo: sha shida ga Yuli, 1945,
biyar da rabi na asuba, saura kaɗan.
Na zana hasumiyar ƙarfe, na zana hamada,
na ce an zaɓi wurin ne don ba kowa.
Araceli, mai zama gefen taga tana cizon biro,
wadda tun farkon zango ban san muryarta ba,
ta ɗaga hannu rabi:
"Ba kowa? To ina aka bar kaka?"

Shekararta bakwai, in ji ta,
an tashe ta tatsar awaki,
sai rana ta fito ta inda ba ta fitowa,
ta koma, can kuma ta fito ta gabas
kamar ba ta yi komai ba.
Daga baya wani farin abu ya rinƙa zuba.
Suka ce dusar ƙanƙara ce, a tsakiyar zafi!
Suka tara hannu, suka miƙa harshe.
Da ɗuminta take sauka.

Ta kwanta a rufi, ruwan sama ya wanke ta
zuwa randar ƙasa da gidan ke sha.
Ta kwanta a bayan shanu, gashin ya yi fari.
Ta kwanta a barkonon da aka shuka.

Yau kaka Delfina ba ta fita sai da gyale,
saboda tabon wuƙar likita a maƙogwaro.
'Yan'uwanta biyar suna bayan littafin girki,
suna, shekara, suna, shekara,
da rubutun da bai yarda ya yi kuka.

Na buɗe jerin sunaye a ƙarshen littafinmu.
Janar-janar, masana, matuƙan jirgi.
Na bi da yatsa har ƙasa, na sake bi.
Littafin bai yi ƙarya ba.
Bai dai ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba a nan,
bai shiga ɗaka.

Na soke jarrabawar Juma'a.
Na ce kowa ya nemo tsoho ya zauna.
Rubuta rana, rubuta wa ya faɗa,
raba abin da ya gani da abin da ya ji,
inda ya yi shiru, ka ce ya yi shiru,
inda yake shakka, bar masa shakka.

Araceli ta zo da minti sha ɗaya a waya,
rabi da Sifaniyanci, kare na haushi a baya.
Eusebio na ƙirga mil a tafin hannu,
ya ƙirga, ya goge, ya bari.
Aka kaɗa ƙararrawa. Ba wanda ya ɗau jaka.

Da yamma na kwafe maganar sau ashirin da biyu,
na ninke kowace a shafin da aka ce ba kowa.
Baɗi wani yaro zai buɗe, takarda ta faɗo,
ya sunkuya ya ɗauka.